Buguwar kai, kurumta da dashen na'urar ji: abin da bidiyon minti ɗaya ba ya faɗa

Duk mai hawa Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Mutum yana zaune a ɗakin likita, an maƙala masa wani ɗan faifai a gefen kai, ana danna kwamfuta, sai ka ga ya zaro ido, ya toshe baki da hannu, ya fashe da kuka. A ƙasa an rubuta cewa yau ya ji muryar matarsa bayan shekara kaza. Minti ɗaya an gama, masu kallo suna ta kabbara.

A ɗaya gefen kuma akwai maganar da ake yawan ji a gidajenmu idan wani ya faɗi a babur, ya farfaɗo, amma ya daina ji: "An ce jijiyar kunnen ce ta mutu, sai dai haƙuri."

Waɗannan labarai biyu su ne suka mamaye zancen, kuma a ganinmu kowannensu yana cutar da majiyyaci. Na farko yana sayar masa da begen da ya wuce abin da na'urar za ta iya. Na biyu yana rufe masa ƙofar da sau da yawa a buɗe take, ga shi kuma ƙofa ce da ba ta jira. Za mu auna su duka biyun da abin da bincike ya nuna, sannan mu auna shi kansa binciken, domin shi ma yana da nasa raunin.

Me buguwar take lalatawa?

Kalmar "kunne" tana ɓoye abubuwa da yawa. Sauti yana shiga ta rami, ya girgiza dodon kunne, girgizar ta bi ta wasu ƙananan ƙasusuwa uku, ta isa wani ɗan bututu mai cike da ruwa wanda ya naɗe kamar katantanwa. Likitoci suna kiran sa kokiliya, mu a nan za mu ce katantanwar kunne. Girmanta bai fi ƙwayar wake ba, amma da za a warware ta, tsawonta zai kai kusan santimita 3 da rabi. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a ka. Kimanin 3,500 daga cikinsu su ne ke juya girgiza ta zama saƙon lantarki, su miƙa wa zaren jijiyar ji wajen 30,000, su kuma su kai ƙwaƙwalwa. Wannan kayan aiki duka yana zaune ne cikin ƙashin gefen kai, kuma kwanson da ya lulluɓe katantanwar yana cikin ƙasusuwa mafi tauri a jikin ɗan Adam.

To, buguwa tana iya taɓa kowane mataki. Jini na iya taruwa a bayan dodon kunne, wannan yakan washe da kansa cikin 'yan makonni. Dodon na iya yagewa, galibi yakan haɗe. Ƙananan ƙasusuwan na iya gocewa, tiyata na gyara su. Duk waɗannan ba su da alaƙa da dashen na'ura, kuma su ne suka fi yawa. Wanda ya ga bidiyo ya fara tara kuɗin dashe alhali ƙashi ne ya goce masa, ya yi asarar lokaci da hankali.

Inda abin yake da nauyi shi ne idan buguwar ta kai ga katantanwar. Wani lokaci karaya ce take ratsa kwanson, ta tsaga shi. Irin wannan karayar ƙalilan ce cikin karayar ƙashin gefen kai, amma idan ta faru kunnen yakan kurmance gaba ɗaya, sau da yawa tare da jiri mai tsanani, wani lokaci har da shanyewar rabin fuska. Wani lokaci kuma babu karaya ko kaɗan, girgizar ce kawai ta kashe ƙwayoyin gashin. Sikanin CT zai fito tas, mutum kuwa ba ya ji. Ƙwayoyin nan a jikin mutum idan sun mutu ba sa sake tohowa.

Abin da na'urar take yi

Na'urar da ake sa wa a kunne don ƙara ƙarfin sauti aikinta kamar lasifika ne. Idan ƙwayoyin gashin sun tafi, ko ka ƙure ƙarar ba mai karɓa. Na'urar dashe ta sha bamban. Kashi biyu ce. Na waje yana rataye a bayan kunne, yana da makirfo da 'yar kwamfuta da batir. Na ciki likita ne ke binne shi ƙarƙashin fata, daga jikinsa wata siririyar waya ta fito wadda ake zurawa cikin katantanwar. Maganaɗisu ne ke riƙe su biyun ta cikin fata. A jikin wayar akwai ɗigo-ɗigon ƙarfe da ke sakin lantarki kai tsaye ga jijiya: 22 a na kamfanin Cochlear, 16 a na Advanced Bionics, 12 a na MED-EL. Sauti siriri ana tura shi ga ɗigon da ke bakin katantanwa, kakkaura kuma ga na can ciki, kamar yadda Allah ya tsara kunnen tun asali.

Ka dubi lissafin: ɗigo 22 a madadin ƙwayoyi 3,500. Abin mamaki ne ma da yake aiki. Dalilin shi ne ƙwaƙwalwa gwana ce wajen cike giɓi. A 1995 Robert Shannon da abokan aikinsa a Los Anjeles sun nuna cewa idan aka markaɗe magana aka bar ta a zango uku ko huɗu kacal na sauti, masu lafiyar kunne suna gane mafi yawan jimloli muddin wurin shiru ne. Riƙe wannan sharaɗin na "wurin shiru", za mu dawo kansa.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tarihin na'urar kansa yana da alaƙa da haɗarin mota. Rod Saunders, mutum na farko da tawagar Graeme Clark ta dasa wa na'ura mai ɗigo da yawa a Melbon ta ƙasar Ostireliya ranar 1 ga Agusta 1978, a haɗarin mota ya rasa jinsa. Kuma ba rana ɗaya ya fara gane magana ba. Watanni aka kwashe yana zuwa ɗakin gwaji, ana sauya tsarin da kwamfuta ke fassara sauti, kafin a tabbatar yana tsintar kalmomi ba tare da kallon leɓe ba. Wato tun daga mutum na farko, labarin na haƙuri ne da maimaici.

"Jijiya ta mutu": kuskuren da ya fi tsada

A Hausa komai jijiya ne: ta jini, ta agara, ta saƙon ƙwaƙwalwa. Su ma masu Turanci sun daɗe suna kiran irin wannan kurumta da sunan kurumtar jijiya. Wannan suna yaudara ne. A mafi yawan lokuta ƙwayoyin gashin ne suka mutu, jijiyar kuwa tana nan da sauran rai, tana jiran wanda zai taɓa ta. Na'urar dashe don wannan halin aka ƙirƙire ta. Saboda haka idan aka ce wa iyali "jijiya ta mutu" ba tare da an yi gwajin ji da sikanin MRI an duba jijiyar ba, an yanke hukunci ne ba shaida.

Wannan muhawara har tsakanin manyan likitoci an yi ta. A 2004 Vittorio Colletti na birnin Berona a Italiya ya wallafa rahoton wasu majiyyata 'yan kaɗan da suka kurmance bayan buguwar kai, ya ce jijiyar jinsu ta tsinke, don haka ya tsallake kunnen baki ɗaya ya dasa musu wata na'ura a gindin ƙwaƙwalwa. Ita wannan na'ura William House da William Hitselberger ne suka fara dasa ta a 1979, don masu ƙari a jijiyar ji. Tiyatarta ta fi haɗari domin sai an shiga cikin ƙoƙon kai. Shekara goma bayan haka, a 2014, wata tawaga a birnin Piyacenza, ita ma a Italiya, ta tattara nata majiyyatan da rahotannin da aka buga a baya, ta kammala da cewa dashen katantanwa ya fi ba da sakamako mai kyau nesa ba kusa ba, kuma shi ya kamata a fara gwadawa. Hujjarsu mai sauƙin ganewa ce: buguwar da za ta tsinke jijiyoyin ji na dama da hagu gaba ɗaya, kuma mutum ya rayu, abu ne mai wuyar samu.

Mu a namu karatun, hujjar ta biyu ta fi ƙarfi. Darasin da ke ciki ga mai jinya a Kano ko Maraɗi shi ne kada ya karɓi kalmar "ta mutu" sai ya tambaya: da wane gwaji aka gani?

Ƙofar da ke rufewa a hankali

Babban laifin bidiyon nan shi ne taken da ake sa musu, "bayan shekara goma sha biyar". Yana koya wa mutane cewa duk ranar da kuɗi suka samu za a je a kunna. Ga mai buguwar kai wannan ba tabbas ba ne.

Idan jini ya shiga cikin katantanwa, ko karaya ta ratsa ta, jiki yakan yi abin da ya saba yi wa rauni: ya cike wurin da tabo, tabon kuma wani lokaci ya rikiɗe ya zama ƙashi. Bututun da ya kamata a zura waya ya toshe. Mutanen Arewa sun san wannan ta wata hanyar ko da ba su san sunansa ba, domin haka sanƙarau yake yi wa kunnen yara, kuma a sanƙarau toshewar na iya farawa cikin makonni. Bayan buguwa ba kowa abin ke samu ba, babu kuma wanda zai iya faɗa maka tun farko wa zai samu. Idan ya toshe, likita zai yi ta haƙa, ko ya zura rabin waya, ko ya haƙura da wannan kunnen. Sikanin CT yana nuna ƙashi da layin karaya, MRI kuma yana nuna ko ruwan katantanwa yana nan da kuma halin da jijiya take ciki. Ana buƙatar su biyun.

Akwai agogo na biyu, na ƙwaƙwalwa. Wani babban nazari da Peter Blamey ya jagoranta, wanda aka buga a 2013 kan manya 2,251 da aka yi wa dashe a ƙasashe daban-daban, ya sake tabbatar da cewa gwargwadon daɗewar mutum cikin kurumta mai tsanani, gwargwadon raguwar abin da ake sa ran zai samu. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

A nan ne tsarin kula da masu haɗari yake da abin zargi, a ƙasashe da yawa har da namu. A ɗakin gaggawa ana ceton rai ne, kuma daidai ne. Amma bayan an tsayar da jini, an ɗaure ƙafa, mutum ya farfaɗo, sai a sallame shi ba wanda ya gwada kunnensa. Idan bai amsa kira ba a ce ruɗewa ce, kansa ne bai gama dawowa ba. Kafin a gane kurumta ce, wata shida sun wuce.

Shi kansa binciken fa?

Idan ka karanta rahotannin likitoci kan dashe bayan buguwar kai, kusan duka ƙarshensu ɗaya ne: yawancin majiyyata sun samu gane magana, wasu har suna waya. Mun yarda da wannan a dunƙule. Amma mai karatu ya cancanci ya san irin ƙasar da aka gina maganar a kai.

Na ɗaya, adadin mutanen kaɗan ne. Rahotanni ne na asibiti ɗaya, mutum bakwai, goma, ashirin da wani abu, waɗanda aka tattara daga tsofaffin fayiloli na shekaru masu yawa. A irin wannan adadi, mutum biyu su canza sakamako su juya kason gaba ɗaya.

Na biyu, an riga an tace su. Wanda ya kai ga teburin tiyata shi ne wanda ya rayu, ƙwaƙwalwarsa ta murmure, katantanwarsa ba ta toshe ba, yana da mai kawo shi asibiti, kuma akwai mai biya. Waɗanda aka duba aka ce ba su dace ba, ba kasafai suke shiga lissafi ba. Idan aka ce "kashi kaza sun yi nasara", tambayar ita ce kashi kaza na su wa.

Na uku, likita ya fi son buga labarin aikin da ya yi kyau. Wanda aka dasa wa na'ura ya gaji da ita ya jefa a durowa, da wuya ya zama maƙala.

Na huɗu, ma'aunin nasarar. Galibi ana zaunar da mutum a ɗaki mai shiru, a kunna masa jimloli, ya maimaita. Rayuwa kuwa ba a ɗakin shiru ake yin ta ba. Masu na'urar dashe a ko'ina cikin duniya babban kukansu hayaniya ce: kasuwa, tasha, taron biki, janareta. Ɗan kasuwar da ya ci kashi 80 a ɗakin gwaji yana iya kasa yin ciniki a Kantin Kwari.

Wannan ba ya nufin na'urar ba ta aiki. Hukumar binciken ji ta Amurka ta ƙiyasta cewa zuwa Disambar 2019 an dasa kusan 736,900 a duniya, kuma a 2013 an ba Clark da Ingeborg Hochmair da Blake Wilson lambar yabo ta Lasker saboda ita. Abin da muke cewa shi ne, ƙarfin shaidar da ake da ita kan masu kurumtar gado ko ta tsufa bai kamata a ara wa masu buguwar kai ita kai tsaye ba.

Abubuwa huɗu da suka keɓanta da mai buguwar kai

Na farko jijiyar fuska. Tana wucewa dab da katantanwa, ƙashi ne ya raba su. Idan ƙashin ya tsage, lantarkin na iya bin tsagar ya taɓa ta, sai ka ga ido ko gefen baki yana motsi duk lokacin da aka yi ƙara. Maganin da aka saba shi ne a rage ƙarfin ɗigon da ke jawo haka ko a kashe shi, kuma kowane ɗigo da aka kashe ragi ne a ingancin sauti.

Na biyu sanƙarau. Kwanson katantanwa ba ya haɗewa da sabon ƙashi kamar ƙafa ko hannu, tabo ne kawai yake rufe tsagar. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar cuta daga kunnen tsakiya na iya bin nan ta kai ga rigar ƙwaƙwalwa, ko bayan shekaru. Nazarin Brodie da Thompson na 1997 kan karaya 820 a Kalifoniya ya nuna cewa yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ta kunne ko hanci yawanci yana tsayawa da kansa cikin mako guda, amma idan ya zarce haka haɗarin sanƙarau yana ƙaruwa sosai. Ita ma na'urar tana da nata ɗan ƙarin haɗarin, shi ya sa ake yi wa duk wanda za a dasa wa allurar rigakafin ƙwayar nimokokas. Wani lokaci likita kan toshe ramin kunnen gaba ɗaya yayin tiyata don rufe hanyar.

Na uku ƙwaƙwalwar kanta. Na'ura tana kai saƙo ne, ƙwaƙwalwa ke fassarawa. A makonnin farko bayan an kunna, wanda yawanci ake yi mako biyu zuwa huɗu bayan tiyata, mutane da yawa suna cewa muryoyi kamar na rediyon da bai kama tasha ba. Sai an yi ta komawa ana daidaita na'urar, ana atisayen saurare, wata da watanni. Wanda buguwa ta bar shi da mantuwa, ko saurin gajiya, ko rashin tattara hankali, wannan karatu zai yi masa nauyi fiye da kowa. Idan kuma buguwar ta lalata sashen ji na ƙwaƙwalwa, gyaran kunne ba zai wadatar ba.

Na huɗu sikanin MRI na gaba. Mai raunin ƙwaƙwalwa yana iya buƙatar a sake duba kansa. Sababbin na'urori suna da maganaɗisun da ke jure injin, amma duk da haka yana jefa inuwa a hoton, ta rufe wani yanki na ƙwaƙwalwa a gefen da aka dasa. Magana ce da ya kamata likitan kunne da na ƙwaƙwalwa su yi tun kafin a shiga tiyata.

Ina Hausa a cikin gwajin?

Ga wani giɓi da ya shafe mu kai tsaye. An gina tsarin fassara sauti na waɗannan na'urori ne kan harsuna irin su Ingilishi da Jamusanci, inda hawa da saukar murya ba ya canza ma'anar kalma. Hausa harshe ne mai karin sauti. Faɗi "kuka" na hawaye, sannan ka faɗi "kuka" ta miya. Faɗi "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Baƙaƙe da wasula ɗaya ne, murya ce ta raba. Har a nahawu haka ne: "ya tafi" na labarin abin da ya wuce daban yake fita da "ya tafi" na umarni.

Sanannen abu ne cewa na'urar dashe tana da rauni wajen isar da kaurin murya da sirantarta. Shi ya sa masu ita da yawa ba sa jin daɗin kiɗa, kuma bincike mai yawa a kan masu jin Sinanci ya nuna suna shan wahalar bambance karin sautin harshensu fiye da masu lafiyar kunne. Bahaushen da ya girma da harshensa kafin haɗari yana da abin dogaro, domin mahallin zance zai taimake shi, ba wanda zai ɗauka hawaye ake kaɗawa a tukunya. Amma taimakon mahalli aiki ne ga ƙwaƙwalwa, kuma mun riga mun ce ƙwaƙwalwar mai buguwa a gajiye take. Duk wanda zai yi wa Bahaushe dashe ya kamata ya auna shi da jerin kalmomi da jimlolin Hausa, cikin shiru da cikin hayaniya, da kalmomin da karin sauti kaɗai ya raba su. Auna ɗan acaɓa da jimlolin Turanci auna makarantarsa ne. Wannan aiki ne da ke jiran sassan Hausa na jami'o'inmu su haɗa kai da likitocin kunne, kuma ba ya buƙatar dala miliyan.

Idan kunne ɗaya ne?

Buguwa ta fi kashe kunne ɗaya a kan biyu. An daɗe ana ce wa irin waɗannan "ai kana da ɗayan". Gaskiya ne za su yi hira, amma ba sa gane ta inda sauti ya fito, wanda haɗari ne ga mai tuƙi ko mai tsallaka titi, suna wahala a taro, da yawansu kuma suna fama da ƙugin kunne dare da rana. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa dasa na'urar MED-EL ga masu kurumtar kunne ɗaya daga shekara 5 zuwa sama, kuma rahotanni sun nuna sau da yawa tana rage ƙugin. Sai dai a nan ribar ba ta kai ta mai kunne biyu ba, tunda ƙwaƙwalwa tana da sauti mai kyau a gefe guda da za ta riƙa kwatantawa da shi. Akwai hanyoyi masu rahusa, kamar na'urar da ke ɗauko sauti daga mataccen gefe ta kai wa mai lafiya. Ga iyalin da za su sayar da gona, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Kuɗin da ba a faɗa

A ƙasashen da suka fi yin wannan aiki, na'ura da tiyata suna cin dubun-dubatar daloli, inshora ko gwamnati ke biya. A wurinmu yawanci aljihu ne ko gidauniya. Abin da masu neman taimako a intanet ba sa sakawa a lissafi shi ne abin da ke biyo baya. Batir kullum sai an yi caji ko a sauya bayan 'yan kwanaki. Waya tana tsinkewa. Gumi da ƙurar hunturu suna kashe makirfo. Na'urar waje tana tsufa, bayan wasu shekaru sai an sabunta. Ga kuɗin mota zuwa wurin mai daidaitawa, wanda zai iya kasancewa a wani gari mai nisa. Ranar da na wajen ya lalace ba kuɗin gyara, mutum ya koma kurma tsaf, da ƙarfe a kai.

Don haka muna da ja a kan salon "an kawo likitoci daga waje, an yi wa mutum kaza dashe cikin mako ɗaya, an ɗauki hoto". Tiyatar awa biyu ce zuwa uku, kulawar ta rayuwa ce. Shirin da bai tanadi mai daidaita na'ura da kayan gyara na shekaru ba, rabin aiki ya yi. Najeriya tana da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da sassan kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa. A nan ya kamata a zuba ƙarfi, a horar da masu gwajin ji da masu koyar da saurare, su ne ƙashin bayan abin.

Kuma wanda dashe bai yiwu gare shi ba, rayuwarsa ba ta ƙare ba. Akwai karatun leɓe, akwai rubutu a waya, akwai maganar hannu, wadda kurame a ƙasar Hausa suka daɗe da ita a matsayin cikakken harshe.

Abin da ya kamata a yi

Ga masu jinya: duk wanda ya bugu a kai har ya suma, ko jini ko wani ruwa garai-garai ya fito masa ta kunne, ko gefen fuskarsa ya saki, ko yana jiri, ko ya ce kunnensa ya toshe, a nemi likitan kunne ya gan shi, a yi gwajin ji da zarar ya iya zama. Kada a ɗura mai ko wani magani a kunnen, kada a wanke shi da ruwa. Idan gwaji ya nuna kurumta mai tsanani ta kunnen ciki, musamman a kunne biyu, a nemi sikanin CT da MRI da wuri, a tambayi likita ƙarara ko dashe zai yiwu da kuma tsawon lokacin da za a iya jira. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ga mai tsohuwar karaya a gefen kai, wannan na gaggawa ne ko da shekara nawa ta wuce.

Ga asibitoci: gwajin ji ya shiga jerin abin da ake dubawa kafin a sallami mai raunin kai. Ga masu bincike: a riƙa buga adadin waɗanda aka duba aka mayar, da waɗanda suka daina amfani da na'urar, ba masu nasara kaɗai ba.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi duk na sama arha. Wani nazari na ƙungiyar Cochrane da aka sabunta a 2008, wanda ya tattara bincike da dama, ya gano cewa hular kwano tana rage haɗarin raunin kai ga masu babur da kusan kashi 69 cikin 100, mutuwa kuma da kusan kashi 42. A Janairun 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya hular a Najeriya, labarin da ya zaga duniya daga Kano shi ne na 'yan acaɓa da suka kifa ƙwarya a ka don kauce wa tara. An yi dariya a lokacin. Kuɗin na'urar dashe guda ɗaya zai sayi hular kwano ga direbobin babur masu ɗimbin yawa, kuma kunnen da hular ta tsare yana da ƙwayoyinsa 3,500 cif, ba batir, ba caji.